Adon tsakiyar tebur a taron tara kuɗin agaji

Adon tsakiyar tebur wani abin ƙawa ne da ake ajiyewa a tsakiyar teburin cin abinci yayin liyafa, walima ko wani babban taro. Galibi ana haɗa shi da furanni, ganyaye, kyandir, 'ya'yan itatuwa, gilashi, takarda ko kayan sana'ar hannu. A tarukan tara kuɗin agaji da ƙungiyoyin jinƙai, makarantu, asibitoci da wuraren ibada ke shiryawa, musamman a Amurka da Birtaniya da Kanada, sau da yawa 'yan sa-kai ne ke haɗa shi da hannunsu maimakon a saya daga masu sana'ar furanni, domin duk abin da aka kashe wajen ado ragi ne daga kuɗin da zai kai ga mabuƙata.

Wannan ne ya bambanta shi da adon teburin biki. Ana son ya ƙawata zauren taro har baƙon da ya biya kuɗin kujera mai tsada ya ji an karrama shi, amma kada ya yi tsadar da za ta sa masu bayarwa su ga an yi almubazzaranci da dukiyarsu. Ana kuma son ya tuna wa mahalarta dalilin taron, ya ɗauki lambar tebur da bayanin yadda za a ba da gudummawa, kuma kada ya tare fuskar wanda ke zaune a ɗaya gefen. Saboda haka tsayi, farashi, tsaro da makomar adon bayan an tashi su ne manyan abubuwan da ke jagorantar tsara shi.

Tarihi

Gishiri da sukari

A gidajen sarakuna da attajiran Turai na tsakiyar zamani, abin da ya fi ɗaukar ido a kan tebur shi ne mazubin gishiri, wanda akan ƙera da azurfa ko zinariya, wani lokaci da siffar jirgin ruwa. Kusancin mutum da mazubin yana nuna matsayinsa a wajen mai gida. Mafi shahara daga cikinsu shi ne wanda maƙerin Italiya Benvenuto Cellini ya kammala wa Sarki Francis na Ɗaya na Faransa a 1543, wanda yanzu ke ajiye a wani gidan tarihi a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya.

A wannan zamanin sukari kaya ne mai tsada, don haka masu dafa wa sarakuna abinci sukan gina fadoji, dabbobi da jiragen ruwa da shi, a jera su a kan tebur don nuna arziki. Lokacin da Sarki Henri na Uku na Faransa ya ziyarci birnin Benis a 1574, an shirya masa liyafar da har faranti da wuƙaƙen da ke kan tebur na sukari ne.

Azurfa, tangaran da madubi

A ƙarshen ƙarni na 17 aka fara amfani da wani babban mazubi a fadar Faransa wanda ake kira surtout de table. Yana ɗauke da gishiri, mai, kayan yaji da kyandir, kuma yana zama a tsakiyar tebur daga farkon cin abinci har ƙarshe. Daga baya ya koma dogon faranti mai shimfiɗar madubi da ake jera ƙananan gumaka a kansa. A Ingila kuma, a farkon ƙarni na 18, aka samu epergne, wato mazubin azurfa mai rassa, kowane reshe na riƙe da ɗan kwano na 'ya'yan itace ko alewa.

Bayan da masana'antar Meissen ta Jamus ta gano sirrin yin tangaran, gumakan tangaran suka fara maye gurbin na sukari, domin ba sa narkewa kuma ana iya sake amfani da su. Tsakanin 1737 da 1742 masana'antar ta yi wa Heinrich von Brühl jerin kayan tebur fiye da 2,000 a ƙarƙashin jagorancin Johann Joachim Kändler. A 1816 ƙasar Fotugal ta bai wa Duke na Wellington kyautar kayan azurfa da suka haɗa da adon tsakiyar tebur mai tsawon kusan mita 8, wanda har yanzu yana gidan Apsley a Landan. A 1817 shugaban Amurka James Monroe ya sayo wa fadar White House wani daga Faris, na tagulla mai ruwan zinariya, mai tsawon fiye da mita 4.

Zuwan furanni

Har zuwa farkon ƙarni na 19, al'adar manyan gidajen Turai ita ce a jera kwanukan abinci masu yawa a kan tebur lokaci guda. Sannu a hankali aka koma salon Rasha, inda ma'aikata ke kawo abinci kashi-kashi, ana zuba wa kowa a farantinsa. Ana danganta shigar wannan salo Faransa da jakadan Rasha a Faris, Yarima Alexander Kurakin, wajajen 1810. Da kwanuka suka bar tsakiyar tebur sai fili ya samu, kuma furanni suka cike shi. A 1861 ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, RHS, ta shirya gasar adon tebur a Landan, inda Thomas March ya yi nasara da wani siririn mazubin gilashi mai hawa biyu, wanda mutane ke iya hangen juna ta tsakaninsa. A ƙarni na 20 Constance Spry, wadda ta rayu daga 1886 zuwa 1960, ta yi suna wajen haɗa furannin lambu da ganyen kayan miya da ciyayin bakin hanya, abin da ya nuna wa mutane cewa ado mai kyau bai dogara da fure mai tsada ba.

Shigarsa tarukan agaji

Liyafar tara kuɗi tsohuwar al'ada ce a Landan, inda asibitoci da gidajen marayu kan shirya cin abincin shekara-shekara, a yi jawabai, sannan a karanta sunayen masu bayarwa da abin da kowa ya bayar. A 1858 marubuci Charles Dickens ya jagoranci irin wannan liyafa domin asibitin yara na titin Great Ormond, a lokacin da asibitin ke cikin matsin kuɗi.

Ɓangaren aikin hannu kuwa ya samo asali ne daga kasuwannin agaji da mata ke shiryawa a ƙarni na 19, inda suke sayar da ɗinki, saƙa da kayan ƙawa da suka yi a gida. A 1834 matan birnin Boston suka fara irin wannan kasuwa don tallafa wa fafutikar hana bauta, kuma a 1863, lokacin yaƙin basasar Amurka, aka yi wata babba a Chicago don kula da sojojin da suka ji rauni. Kwamitocin ado na 'yan sa-kai da ake gani a tarukan agaji na yau sun gaji wannan tsari.

A 1948 Eleanor Lambert ta fara liyafar da yanzu ake kira Met Gala a birnin New York, domin tara wa sashen tufafi na gidan tarihin Metropolitan kuɗi, kuma kuɗin shiga a lokacin dala 50 ne. Irin waɗannan manyan liyafofi ƙwararru ne ke yi musu ado. Akwai kuma tarukan da adon tebur ɗin kansa ne abin da ake zuwa kallo. Gidauniyar DIFFA, wadda masu sana'ar zane da ƙawata gidaje suka kafa a 1984 don yaƙi da cutar ƙanjamau, ta daɗe tana shirya taron da kowane mai zane ke tsara teburinsa, jama'a su biya kuɗi su shiga kallo. A ƙananan garuruwan Amurka coci-coci da makarantu na yin makamancinsa, inda kowace mai masauki ke ɗaukar nauyin tebur ɗaya, ta ƙawata shi da kayan gidanta, ta kuma sayar da kujerunsa.

Wani misalin shi ne shirin Empty Bowls, wanda malamin zane John Hartom da matarsa Lisa Blackburn suka fara a jihar Michigan a 1990. Ɗalibai da maginan tukwane kan yi kwanukan yumɓu da hannu, baƙi su biya kuɗi a zuba musu miya a ciki, sannan kowa ya tafi gida da kwanonsa domin ya riƙa tuna masu kwana da yunwa.

Amfaninsa a wurin taro

Baya ga ƙawata zaure, adon yana da ayyuka kamar haka:

Isar da saƙo: taron tallafa wa ɗakin karatu kan yi amfani da littattafai da aka ɗaure da zare, na ciyar da mabuƙata kuma gwangwanayen abinci ko kwandon kayan lambu, na makaranta zanen da yara suka yi.

Nuna wurin zama: yawanci a jikinsa ake maƙala lambar tebur, wadda baƙi, masu rabon abinci da masu karɓar alƙawarin gudummawa ke dogara da ita.

Karrama masu ɗaukar nauyi: kamfanin da ya sayi tebur guda yakan ga sunansa a kan ɗan kati a jikin adon.

Karɓar gudummawa: akan saka ambulan, biro da katin alƙawari a cikinsa, ko lambar QR da ake ɗauka da waya a biya nan take.

Samar da kuɗin shiga: ana iya sayar da shi ko a yi gwanjonsa a ƙarshen taro.

Ƙa'idojin tsarawa

Tsayi

Ƙa'idar da masu sana'ar suka fi bi ita ce adon ya kasance gajere, kada ya wuce santimita 30 zuwa 35 daga fuskar tebur, ko kuma ya zama dogo a kan siririyar ƙafa, yadda furanninsa za su fara daga santimita 60 zuwa sama. Tazarar da ke tsakanin waɗannan ma'aunai biyu ita ce daidai fuskar mutumin da ke zaune. A taron agaji wannan na da muhimmanci na musamman, domin mai gwanjo na buƙatar ganin duk wanda ya ɗaga hannu, baƙi kuma na buƙatar ganin dandamali da allon majigi. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce mutum biyu su zauna suna fuskantar juna da adon a tsakaninsu.

Faɗi

Teburan da zaurukan taro suka fi amfani da su masu zagaye ne: mai faɗin santimita 152 yana ɗaukar mutum 8, mai santimita 183 kuma mutum 10. Farantai, kofuna da cokula na cin kusan santimita 40 zuwa 45 daga kowane gefe, sannan ana buƙatar wurin butar ruwa, kwandon burodi da takardun shirin taro. Abin da ya rage a tsakiya shi ne iyakar faɗin adon. Teburi mai zagaye yana buƙatar ado mai kyau ta kowace fuska, dogon tebur kuwa ya fi dacewa da ƙananan mazubai da aka jera a layi ko doguwar igiyar ganye.

Launi da daidaito

Akan taƙaita launuka zuwa biyu ko uku, sau da yawa launukan tambarin ƙungiyar, tare da la'akari da launin mayafin tebur da irin hasken zauren. Shuɗi da shunayya masu duhu sukan ɓace a ƙarƙashin haske mai rauni, fari da rawaya kuwa suna fitowa. Wata tsohuwar ƙa'ida ta masu jera furanni ita ce tsayin furen da ke sama ya kai kamar ɗaya da rabi na tsayin mazubin, sai dai a gajeren adon tebur akan sassauta ta. Da yawa kuma sun fi son jera abubuwa uku ko biyar masu tsayi daban-daban.

Ƙamshi

Ƙamshi mai ƙarfi yana gauraya da ɗanɗanon abinci, kuma yana iya tayar wa wasu da ciwon kai ko asma. Don haka ake guje wa kyandir mai turare da furanni masu ƙamshi sosai, kamar wasu nau'o'in lili. Garin da ke tsakiyar furen lili yana ɓata tufafi da mayafin tebur, shi ya sa ake cire shi da zarar furen ya buɗe.

Sauƙin maimaitawa

Ado ɗaya mai kyau ba shi ne matsalar ba. Matsalar ita ce yin guda 20 ko 40 iri ɗaya da hannun mutanen da ba ƙwararru ba cikin 'yan sa'o'i. Tsarin da ya dace shi ne wanda matakansa ba su da yawa, kayansa na samuwa da yawa a wuri ɗaya, kuma mutum ɗaya zai iya ɗaukarsa ba tare da ya wargaje ba.

Kayan aiki

Mazubi na iya zama kwalbar gilashi, gwangwanin da aka yi wa fenti, kaskon yumɓu, akwatin katako, kwando ko kwanon sha. Idan mazubin ba ya riƙe ruwa, akan saka roba ko ƙaramin kofi a cikinsa. Sauran kayan sun haɗa da almakashin yanka itace, wuƙa, waya, salatif mai jure ruwa, gam mai zafi, zare, tsakuwa ko yashi don ƙara nauyi, da bokitai masu tsabta.

Akwai hanyoyi da dama na riƙe furanni su tsaya a inda aka sa su:

Soson furanni: wani koren soso ne mai shan ruwa wanda V. L. Smithers ya fito da shi a jihar Ohio a 1954 da sunan Oasis. Yana da sauƙin aiki, amma roba ce da ba ta ruɓewa, kuma tana farfashewa zuwa ƙananan ɓarɓashi da ke bin ruwa. Wani bincike na jami'ar RMIT ta Ostireliya a 2019 ya nuna cewa ƙananan halittun ruwa na haɗiye ɓarɓashin, kuma ƙungiyar RHS ta hana amfani da shi a nune-nunenta daga 2021.

Ragar waya: irin wadda ake kewaye kaji da ita, a dunƙule ta a cusa cikin mazubi. Ita aka fi amfani da ita kafin zuwan soso, kuma ana iya sake amfani da ita.

Kenzan: faifan ƙarfe mai nauyi da ƙusoshi a tsaye, wanda ake amfani da shi a fasahar jera furanni ta Japan mai suna ikebana.

Ragar salatif: a gicciya siraran salatif a bakin kwalba su zama ƙananan murabba'ai, a zura kowane kara a rami ɗaya.

Ba dole ne a yi amfani da ɗanyen fure ba. Furannin takarda, busassun ciyayi, zangarniyar hatsi, shuke-shuke masu rai a ƙananan kasake, lemo da sauran 'ya'yan itace duk suna aiki, kuma mafi yawansu ana iya haɗa su makonni kafin ranar taro.

Matakan haɗawa

Aikin yakan fara ne watanni biyu ko uku kafin taro. Kwamitin ado kan tuntuɓi masu zauren don sanin yawan tebura da girmansu, launin mayafai, dokar wurin game da wuta, da lokacin da za a buɗe ƙofa don shigar da kaya. Yawan adon na bin yawan baƙi: mutum 200 a teburan mutum 10 na nufin ado 20, sai a ƙara na teburin rajista da na dandamali, da ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana.

Bayan haka sai a haɗa samfuri guda ɗaya, a gwada shi a kan tebur mai girman na zauren tare da farantai da kofuna. Daga samfurin ake rubuta jerin abin da kowane ado ke ci, misali fure babba 5, ƙanana 7 da reshen ganye 6, a ninka da yawan tebura, a ƙara kaɗan saboda waɗanda za su karye. Ana ɗaukar hotonsa, a kuma auna mintunan da haɗa shi ya ɗauka, domin a san yawan 'yan sa-kai da ake buƙata.

Duk abin da ba ya lalacewa, kamar wanke kwalabe, fenti, yanka zare da buga katuna, ana gama shi tun da wuri. Ɗanyun furanni kuwa akan karɓo su kwana biyu ko uku kafin taro. Ana cire duk ganyen da zai nutse cikin ruwa, domin yana ruɓewa ya haifar da ƙwayoyin cuta masu toshe kara. Sai a yanke ƙasan karan a karkace da wuƙa mai kaifi, a tsoma shi nan da nan cikin ruwa mai tsabta. Garin abincin fure da ake zubawa a ruwan ya ƙunshi sukari, da sinadari mai tsami, da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ana ajiye bokitan a wuri mai sanyi da inuwa, nesa da nunannun 'ya'yan itace irin su ayaba da tuffa, saboda suna fitar da iskar etilin wadda ke sa fure ya yi saurin yaushi.

Ranar haɗawa akan jera 'yan sa-kai a layi, kowa da aikinsa: wani ya shirya mazubi da ragar waya, wani ya sa ganye don fitar da siffa, wani ya sa manyan furanni, wani ya cike giɓi da ƙanana, na ƙarshe kuma ya gwada da samfurin. Ana juya mazubin yayin aiki don kada wani gefe ya fi wani cika. Wajen jigila ana rage ruwan, a saka mazuban cikin kwalaye masu rabe-rabe ko a cusa takarda a tsakaninsu, sannan a ƙara ruwa bayan an ajiye su a kan tebura.

Kasafin kuɗi da doka

Ƙungiyoyi na rage kashe kuɗi ta hanyar neman kyautar furanni daga manoma da shaguna, aron mazubai, tara kwalabe daga gidajen mambobi, da zaɓen furen da ke cikin kakarsa. Mafi yawan furannin da ake sayarwa a Amurka daga Kolombiya da Ikwado suke zuwa, na Turai kuma da yawa daga Kenya da Habasha ta kasuwar gwanjon Aalsmeer da ke Holan, kuma farashin wardi na tashi sosai gab da 14 ga Fabrairu. Wasu ƙungiyoyin kan nemi kamfani ɗaya ya biya kuɗin adon baki ɗaya a sa sunansa a jiki.

Sayar da adon na da hukunce-hukunce. A Amurka, idan mai bayarwa ya karɓi wani abu a madadin kuɗinsa, abin da ya haura ƙimar kayan a kasuwa ne kawai ake iya cirewa daga harajinsa, kuma idan kuɗin ya wuce dala 75 wajibi ne ƙungiyar ta ba shi bayanin hakan a rubuce. A Birtaniya kuɗin da aka biya don sayen kaya ko tikitin shiga ba ya shiga tsarin rangwamen haraji na Gift Aid. Sayar da tikitin ƙuri'a don a fitar da wanda zai tafi da adon kuwa yana ƙarƙashin dokokin caca: a Birtaniya dokar caca ta 2005, a Amurka kuma dokar kowace jiha. Malaman Musulunci da yawa na ɗaukar irin wannan ƙuri'a ta kuɗi a matsayin caca, don haka ƙungiyoyin agaji na Musulmi sukan tsaya ga gwanjo, sayarwa kai tsaye ko alƙawarin gudummawa.

Tsaro

Zaurukan taro da yawa na hana kyandir mai buɗaɗɗiyar wuta, wasu kuma na yarda da shi idan yana cikin gilashin da ya fi harshen wutar tsayi. Haɗa kyandir da takarda, busasshiyar ciyawa ko zare haɗari ne, shi ya sa aka fi amfani da ƙananan fitilu masu batir. Dogon ado na buƙatar gindi mai nauyi don kada ya kife idan an bugi tebur. Balan-balan na roba na iya tayar wa wasu da borin jini, ƙyalƙyali da ƙananan duwatsun ado kuma na iya faɗawa cikin abinci ko yara su haɗiye. Wasu tsirrai masu kyawun fure na da guba, don haka ba a ajiye su kusa da abinci, kuma furen lili na iya kashe kyanwa idan aka kai shi gida ta ci.

Bayan taro

Tun a matakin tsarawa ake yanke shawarar inda adon zai tafi. Idan mazuban na aro ne ko ana son a yi amfani da su a shekara mai zuwa, akan sanar da baƙi su ɗauki furannin su bar mazubin. Littattafai, gwangwanayen abinci da kayan makaranta da aka yi ado da su ana miƙa su kai tsaye ga waɗanda aka yi taron dominsu. Akwai kuma ƙungiyoyin da ke karɓar furannin da aka gama amfani da su, su sake ɗaure su, su kai wa marasa lafiya da tsofaffi. Ɗaya daga cikinsu ita ce Random Acts of Flowers, wadda aka kafa a birnin Knoxville na jihar Tennessee a 2008. Ragowar ganye da kara ana iya yin taki da su, muddin ba a gauraya su da soso ko waya ba.

A ƙasar Hausa

A al'adar Hausawa a kan tabarma ake cin abinci, don haka adon tsakiyar tebur ya shigo ne tare da zaurukan taro da otal-otal na zamani. A taron ƙaddamar da gidauniya ko asusun neman taimako, tsarin da aka saba shi ne a jera kujeru suna fuskantar babban tebur, inda shugaban taro, babban mai ƙaddamarwa da manyan baƙi ke zama, kuma ana sanar da gudummawa ne ta lasifika. A irin wannan tsari adon kan taƙaita ga babban teburin, kuma yakan zama gajere kuma mai tsawo don kada ya tare fuskokin masu zama da abin magana. Teburan zagaye masu ado a tsakiya an fi ganinsu a liyafar cin abincin dare da walimar biki a birane irin su Abuja, Kano da Kaduna.

Saboda zafi da tsadar ɗanyun furanni, masu sana'ar adon wurin taro sun fi amfani da furannin roba da na yadi, waɗanda suke bayarwa haya. Kayan sana'ar gargajiya kamar sassaƙaƙƙiyar ƙwarya, faifai, kwandon kaba, ƙananan tukwanen ƙasa da kayan fata su ma suna cika sharuɗɗan da ake nema: gajeru ne, ba sa yaushi, ana iya tanadinsu tun da wuri, kuma ana iya sayar da su a ƙarshen taro kuɗin ya shiga asusun.